Tambaya da Amsa: Wai Har Biyan Manomi Ake Don Ya Kula da Ƙasar Gonarsa?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da warhaka. Wannan karon yawancin saƙonnin da suka shigo a kan abu ɗaya suke, wato kuɗin da gwamnatoci ke ba manoma don su kare gonakinsu daga zaizaya da gajiya. Na tsinto waɗanda nake ganin amsarsu zata amfani kowa, wasu na ɗan rage musu tsawo, masu su a yi haƙuri.

TAMBAYA: Salam Malam, sannu da ƙoƙari. Dan Allah wai da gaske ne akwai ƙasashen da gwamnati ke biyan manomi kuɗi don ya gyara gonarsa, wai har ma a biya shi ya barta ba noma?? Ni fa abin ya ɗaure min kai, gona taka amfani naka, toh na meye kuma za a biya ka? (Ɗan Manomi)

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Da gaske ne, kuma ba yau aka fara ba.

Gonar taka ce, ba musu, amma ƙasar da ruwa ya kwasa daga cikinta ai ba a gonarka take tsayawa ba. Ka je gindin gona mai gangare bayan an tafka ruwa kaga abinda ke fita, ruwa ne ja mai kauri, in ka ɗiba a kwano ka ajiye ya kwanta zakaga laka ta taru a ƙasa, toh wannan lakar ita ce saman gonar, nan taki yake, nan ƙarfin ƙasar yake. Daga nan sai ta gangara rafi, ta cike dam, ta toshe magudanai, takin zamanin da ta ɗauko kuma ya gurɓata ruwan shan mutanen da ko fartanya basu taɓa riƙewa ba. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, tace kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasar duniya ta riga ta lalace ko ta kama hanya, kuma santimita 2 zuwa 3 na ƙasar sama kan iya cin shekara 1,000 kafin ta haɗu. Shi kuwa manomi, kuɗin gyara yau zai fita daga aljihunsa, amfanin sai bayan shekaru, kuma wani kason amfanin ma na wasu ne can nesa. Mutumin da ke lissafin yadda zai kai kaka ba zai iya ɗaukar wannan nauyin shi kaɗai ba, shi yasa gwamnati ke shigowa ta kama masa.

Amurkawa da wahala suka koyi wannan darasin. An kafce ciyawar da ke riƙe da filayen tsakiyar ƙasar aka zuba alkama, sai ga fari a shekarun 1930, ruwa ya ɗauke, iska tazo ta yi ta ɗibar ƙasa a jihohin Oklahoma da Kansas da Texas da maƙwabtansu, ƙurar har Washington ta kai. Ranar 14 ga Afrilun 1935 guguwar ƙasar da ta taso sai da ta mayar da rana dare, ko sati biyu ba a cika ba, ranar 27 ga watan, aka sa hannu a dokar da ta kafa hukumar kare ƙasar noma, da Hugh Hammond Bennett a matsayin shugabanta na farko. Ita ce aka sake wa suna a 1994 ta koma NRCS, har yau tana nan tana aiki. Kuma an ga alfanu, lissafinsu ya nuna zaizayar ƙasa a gonaki ta ragu da kusan kashi 35 cikin 100 tsakanin 1982 da 2017.

Misalin da ya fi min daɗi shine na birnin New York. Yawancin ruwan shansu daga yankin tsaunukan Catskill yake gangarowa, inda akwai masu kiwon shanu. Aka ce ko dai birnin ya gina katafariyar matatar ruwa ta biliyoyin daloli, ko kuma ya hana ruwan gurɓacewa tun daga tushe. Suka zaɓi na biyu, aka ƙulla yarjejeniya a 1997, birnin ke biyan kuɗin shingen da zai hana dabbobi shiga rafi da wajen tara kashinsu da sauransu. Kaga nan ba sadaka suka yi wa manoman ba, aiki suka saya, kuma ya fi musu sauƙi.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni mace ce, inada gona da ruwa ke cin gefe ɗaya duk damina har kwazazzabo ya fara buɗewa, abin yana hana ni barci wlh. In akwai irin wannan tallafin yaya ake yi ne, turo wa mutum kuɗin ake a akawun sai yaje yayi aikin? (Uwar Marayu)

AMSA: Lafiya lau Hajiya, Allah ya tsare miki gonarki ya raya marayu. Kowace ƙasa da nata tsarin, dole ki tambayi ofishin gona mafi kusa da ke abinda ke akwai, amma bari in ba ki misali da wani shirin Amurka mai suna EQIP da aka kafa a 1996, don matakansa sun yi kama da na wurare da yawa, in kin gane shi ba za a ruɗa ki ba.

Da farko mutum ya cike fom, kyauta ne. Sai ma'aikacin hukumar yazo ku taka gonar tare, ya duba daga ina ruwan ke shigowa, ina yake taruwa, gangaren ya kai nawa, wace irin ƙasa ce, ku zauna ku tsara abinda za a yi, ko kunya ce za a ja a gicciye, ko hanyar ruwa za a gyara a shuka mata ciyawa, ko layin itatuwa don tare iska, ko shuka wani abu da zai rufe ƙasa bayan girbi kar a barta tsirara. Daga nan takardarki ta shiga layi a ba ta maki, don kuɗin basa isar kowa, a shekaru da dama waɗanda basu samu ba sun fi waɗanda suka samu yawa. In an zaɓe ki sai a sa hannu a kwantiragi. Ke zaki yi aikin, ko ki ɗauki mai yi, su dawo su auna su tabbatar an bi ƙa'ida, sannan a biya. Kuma ba duka ake biya ba, yawanci bai wuce kashi 75 cikin 100 na abinda suka ƙiyasta aikin zai ci, sai sababbin manoma da masu ƙaramin ƙarfi da ire-irensu da ake iya kai musu kashi 90, su ɗin kuma suna iya neman a basu rabin kuɗin tun farko su sayi kayan aiki.

Kinga kenan amsar tambayarki, akasari aiki ne a gaba kuɗi a baya. Wannan ne ma yake kayar da talaka, don wanda bashi da abin fara aiki ko an zaɓe shi yana iya kasawa, shi yasa ni a ganina duk shirin da bai tanadi kuɗin somin aiki ga mai ƙaramin ƙarfi ba, toh ba don shi aka yi ba. In kinje ofis, wannan ki fara tambaya.

Abu biyu ki riƙe da kyau. Na ɗaya, kar ki fara aikin da kike neman a biya ki kafin a sa hannu, mutane da yawa zumuɗi ya ja musu asara a nan, sun gama aiki tsaf aka ce ai ba a biyan abinda aka riga aka yi. Na biyu, duk rasit da takarda ki adana, ki ɗauki hoton wurin kafin aiki da lokacin aiki da bayansa.

Sai dai fa kwazazzabo baya jiran fayil ya fito daga ofis. Ki nemi malamin gona ya duba miki shi tun yanzu, ki gaya masa kina da niyyar neman tallafi don ya nuna miki abinda zaki iya yi da ba zai ɓata miki takarda ba. Kuma a sani, daga sama ake kama shi, inda ruwan ke tattaro ƙarfi. Masu zuba shara da ƙasa a cikin ramin su tafi, ruwan farko ke kwashewa. A fara rage wa ruwan gudu tun daga saman gona, a bar kara a kwance, a jera duwatsu a gicciye, a dasa ciyawa mai riƙe ƙasa a bakin ramin, kuma a daina huɗa har gab da shi.

TAMBAYA: Malam ni batun barin gona ba noma ne bai kwanta min ba sam. Ana fama da yunwa a duniya ace a biya mutum ya naɗe hannu? wannan ba almubazzaranci bane? (Mai Kishin Noma)

AMSA: Ɗan'uwa ba kai kaɗai ke wannan ƙorafin ba, a ƙasashen da ake yi ma gardamar bata ƙare ba. A Turai an taɓa sa sharaɗin manomi ya bar kashi 4 cikin 100 na gonarsa ba noma kafin ya karɓi tallafi, manoma suka fito da taraktoci suka tare tituna a 2024, ƙarshenta aka janye tilascin.

Amma a yi adalci, ba kowace gona ake karɓa ba, ana neman wadda noma ke kashewa ne, mai tsananin gangare, ko ta bakin rafi, ko wadda iska ke ɗiba. Shirin CRP na Amurka da aka fara da dokar 1985 haka yake, kwantiragin shekara 10 zuwa 15, gwamnati ta biya ka kuɗin haya duk shekara, ta ɗauki rabin kuɗin shuka ciyawa ko itatuwa, kai kuma ka kula da wurin, ba wai ka juya baya ka tafi ba. A 2007 filin da ke cikin shirin ya haura eka miliyan 36. Sai farashin masara da waken suya ya tashi, kwantiragi na ƙarewa mutane suka ƙi sabuntawa, miliyoyin eka suka koma ƙarƙashin garma, ciyawar da aka yi shekara goma ana biya don ta kafu aka kife ta a kaka ɗaya. Wannan abin yana min ciwo duk lokacin da na tuna, kuma ba zan zargi manoman ba, lissafi suka yi.

Ƙasar Sin ta yi nata bayan mummunar ambaliyar kogin Yangtze a 1998. A 1999 suka fara gwaji a lardunan Sichuan da Shaanxi da Gansu, aka ce masu noma a gangaren da ya wuce digiri 25 su daina su dasa itatuwa ko ciyawa. Da hatsi aka fara biyansu, kilo 2,250 kan kowace hekta a shekara a yankin Yangtze, kilo 1,500 a yankin Rawayen Kogi, da ɗan kuɗi da dashe, daga baya aka mayar da hatsin kuɗi. Wanda ya dasa itatuwan daji a biya shi shekara 8, mai itatuwan da ke ba da 'ya'ya na sayarwa shekara 5, mai ciyawa shekara 2. Da wa'adin ya zo ƙarewa sai da gwamnati ta ƙara wani a 2007, don tsoron kar mutane su koma su sare.

Ni ra'ayina, akwai filin da wallahi barinsa ya huta shi ne daidai, nomansa zalunci ne ga ƙasar da ma wanda ke wahala a kanta ba riba. Amma in aka bani zaɓi nafi son kuɗin ya tafi wajen gonar da ake nomawa, a gyara yadda ake noman, don gyaran da ke ƙara wa manomi amfani shi zai ci gaba da kula da shi ko an daina biya.

TAMBAYA: Yallaɓai ni haya nake noma, shekara shekara muke sabuntawa da mai gonar. Zan iya nema ko sai mai ita? (Baƙon Gona)

AMSA: A wurare da yawa ɗan haya na iya nema, amma sai ya nuna cewa gonar zata kasance a hannunsa har ƙarshen kwantiragin, in kuma aikin na gini ne ko dashen itatuwa akan nemi mai gonar ya amince a rubuce. Hayar shekara ɗaya da kwantiragin shekara biyar basa tafiya tare. Kafin ka je ko'ina ka fara zama da mai gonar, ku rubuta shekarun a gaban shaidu, ku rubuta wa zai kula da aikin, kuma ku yi maganar da mutane ke jin nauyin yi, wato in gonar ta gyaru ba zai ƙara maka kuɗin haya ba ko ya karɓe ta kafin ka ci gajiyar guminka. In ya ƙi, toh ka tsaya a kan abinda ke biyanka cikin shekara ɗaya ko biyu, kamar barin kara da sauya shuka da haɗa hatsi da dangin wake, kar ka zuba ƙarfinka a gyaran da wani zai gada.

TAMBAYA: Ɗana, ni na haura saba'in. Tun kafin a haifi masu wannan shiri nake barin kara a gonata, ban taɓa sa mata wuta ba, bana sare itace sai dole. Yanzu naji wai wanda ya lalata tasa shi ake ba kuɗi ya gyara, mu da muka kula ko sannu babu. Kuma na sani ƙarshenta manya ne zasu kwashe. Jikana ne ya rubuta min. (Dattijo)

AMSA: Baba ranka ya daɗe, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya yi wa jikan albarka. Maganarka duka biyun gaskiya ce, ba zan yi maka kwana-kwana ba.

Masu riƙe da baitulmali hujjarsu ita ce, kuɗi kaɗan ne, gara a kai inda zai canja wani abu, kai kuwa ko an biya ka ko ba a biya ba zaka ci gaba da abinda kake yi. Har suka kan yi misali da ƙasar Kosta Rika, wadda tun 1997 take biyan masu filaye don su bar daji a tsaye da kuɗin harajin man fetur, dajin ƙasar ya farfaɗo har ya rufe sama da rabinta, amma masu bincike da dama suka ce wani kaso na kuɗin ya tafi ne ga mutanen da dama can ba sarewa zasu yi ba. Toh naji wannan hujjar, sai dai tana da mugun gefe, don in mutane suka lura sai ka ɓata ake kula ka, wani zai sare itatuwansa da gangan ya jira shirin dashe. Kuma mutum irinka makaranta ce a unguwa, gonarka ita matasa ke kallo, wulaƙanta ka asara ce ga shirin kansa. Amurka ta gane haka, shi yasa take da wani shirin daban mai suna CSP, kwantiragin shekara 5, wanda ke biyan manomi saboda kyakkyawan aikin da ya riga yake yi, da sharaɗin ya ƙara wani a kai. Duk ƙasar da bata da irin wannan ya kamata ƙungiyoyin manoma su matsa a yi.

Batun manya kuma, ko a Tarayyar Turai da ake ganin komai a tsare yake, an daɗe ana faɗin cewa kusan kashi 80 cikin 100 na tallafin kai tsaye yana tafiya ne ga kashi 20 na masu karɓa, saboda da faɗin gona ake biya. Ga shi mai babbar gona yana da mai cike masa fom, yana da kuɗin fara aiki, yana da takardar mallaka a hannu. Sun ɗan taɓa gyara a tsarin da ya fara a 2023, an ware kashi 25 na tallafin kai tsaye don ayyukan kare muhalli, da wani kaso da ake karkatarwa ga ƙanana da matsakaitan gonaki. Gyaran bai isa ba amma ya nuna in an yi magana ana ji. Abinda ƙaramin manomi ke da shi shine taro. Ku shiga a ƙungiyance, ku nemi a liƙa sunayen waɗanda suka samu a fili, ku nemi a sa iyaka ga abinda mutum ɗaya zai karɓa. Dama zaizaya bata san iyakar gona ba, in na sama da kai bai tare ruwansa ba naka aikin wahala ce, don haka neman da aka yi tare ya fi ma'ana ko a wajen masu ba da makin.

TAMBAYA: Malam mu dai inda muke bamu taɓa ganin ko sisi ba, kullum a rediyo muke ji. Gonata ta gaji, iska na binne min shuka, taki baya kama ta. In jira ne har tallafin ya iso ko yaya? (Matashi Mai Neman Mafita)

AMSA: Ƙanina kar ka jira. Bari in baka labarin da duk masu wannan fannin a duniya suka sani.

A farkon shekarun 1980 wani masanin noma ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, yana aikin dashen itatuwa a yankin Maraɗi ta Nijar, ana kashe kuɗi ana dasawa yawanci suna mutuwa, ga zafi ga awaki ga iska. A 1983 ya lura cewa ƙananan kurmin da ke tsirowa a gonaki, waɗanda ake sassabewa duk shekara, ashe kututturan itatuwan da aka sare ne, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai aka koma renon waɗannan kututturan maimakon dashe, aikin kuma ba wuya. Ka samu kututturen da ya fito da rassa goma ko ashirin, ka zaɓi biyu zuwa biyar masu ƙarfi da suka miƙe, ka datse sauran da wuƙa ko lauje mai kaifi, kana yanka daga ƙasa zuwa sama don kar ɓawon ya tsage, waɗanda ka bari kuma ka rage musu ƙananan rassan gefe zuwa rabin tsayinsu, ka riƙa dawowa kana gyarawa. Tunda saiwar ta riga ta yi zurfi, girman da yake yi ba a haɗa shi da na dashe.

Ga inda labarin ya shafi tambayarka. A yunwar 1984 an haɗa wannan aiki da rabon abinci, wanda ya bar itatuwa a gonarsa a bashi, dubban mutane suka yi. Da rabon ya tsaya, mafi yawansu suka sare itatuwan. Amma waɗanda suka bari sai suka fara ganin itacen girki a kusa, ga ganye da 'ya'ya na dabbobi lokacin rani, iska ta rage binne shuka, ga irin su gawo da ke zubar da ganyensa da damina ya bar wa shuka rana ya kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya, ba wanda ya biya su. Wani babban abin kuma, a da itace na hukuma ne ko da a gonarka yake, ka taɓa a ci ka tara, toh wa zai yi renon abinda ba nasa ba? Da aka sassauta aka bar wa manomi amfanin itacen da ya rena sai abin ya bazu. Ana ƙiyasin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a Nijar ta wannan hanya. A 2018 an ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, shekarar da aka ba Yacouba Sawadogo na Burkina Faso, manomin da ya farfaɗo da dabarar haƙa ƙananan ramuka a fako ana zuba taki a ciki kafin ruwa ya sauka.

Ba ina wanke gwamnati bane fa, haƙƙinku ne ku nema kuma ku yi ta nema. Akwai aikin da ƙarfin mutum ɗaya baya yi, jera duwatsu a gona dabara ce mai kyau amma in dutsen yana da nisa sai da mota, toshe babban kwazazzabo sai da injiniya da kayan aiki, nan ne kuɗin hukuma ke da muhimmanci kuma nan ya kamata ku dage. Amma ka raba ayyukan gida biyu, wanda ke buƙatar kuɗi ka nema masa tallafi, wanda wuƙa da gumi kawai yake so ka fara shi bana. Ka daina ƙona kara, ka zaga gonar ka ƙirga kututturan da ke tsirowa kafin sassabe, ka tara takin dabbobi. In Allah ya kawo shirin, gonar da aka ga mai ita ya riga ya motsa ita malamin gona zai fi son ya kai rahotonta.

TAMBAYA: Salam. Yayana ya shiga wani shiri ya karɓi kashin farko ya dasa itatuwa, fari yazo rabi suka mutu, yanzu tsoro yake kar ace ya dawo da kuɗi har baya ɗaga waya in sun kira. Sannan ni kuma wani ya turo min saƙo a WhatsApp wai in tura kuɗin rijista a sa sunana a tallafin manoma. Meye shawara? (Ƙanwarsa)

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Ki gaya wa yayanki ɓuyan da yake yi ya fi mutuwar itatuwan haɗari. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kwantiragi ne ya sa wa hannu, kuma a tsari irin na Amurka wanda ya karya da gangan yana mayar da kuɗin har da ƙari da tara. Amma yawancin shirye-shirye suna bambanta wanda ya yi sakaci da wanda annoba ta faɗa wa, fari da ambaliya da gobara ba laifin mutum bane, akan ƙara wa'adi ko a gyara yarjejeniyar ko a sake taimakawa a dasa. Ya ɗauko takardar ya karanta sashen da ya yi maganar gazawa, in bai iya ba ya samu mai karanta masa. Ya ɗauki hoton itatuwan da suka mutu da waɗanda suka rayu, ya ƙirga su, ya kai rahoto a rubuce ya riƙe kofi, ya nemi su zo su gani da idonsu. Kuma kar ya kuskura ya nome wurin ya yi shiru, yanzu wurare da yawa da tauraron ɗan'adam ake duba gonaki, Turai ma da shi take bin diddigin masu karɓar tallafinta.

Shi kuwa mai saƙon WhatsApp, kar ki tura masa ko kwabo, kar ki bashi lambar sirrin katinki ko wata lamba da banki ya turo miki a waya. Hukuma bata karɓar kuɗin rijista ta akawun ɗin wani mutum. Ki taka da ƙafarki zuwa ofishin gona ki tambayi sunan shirin, ki tambayi wace hukuma ke gudanar da shi da ranar rufe karɓar fom, in akwai shi zasu sani, kuma a nan zaki cike naki.

Masu tambaya kan tallafin ban-ruwa da na wuraren kiwo, saƙonninku sun iso, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.